Ƙofar da Kawu Bello Ya Kafa a Tsakar Gida

Ranar wata Laraba ce cikin watan Zulƙida, a daminar da na cika shekara bakwai, farkon shekarun 1980, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, tsakar gidanmu duk ta yi caɓi, kaji sun taru a gindin rumbu suna karkaɗe jiki. Inna tana bakin madafa da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Bayan la'asar sai ga Kawu Bello, ƙanenta, ya shigo da azara biyu a kafaɗa, usur ɗinsa na makaranta yana lilo a wuya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya nemi dagi, ya haƙa rami biyu tsakanin turmi da randar ruwa, ya kafa azarun, ya ɗauko taɓaryar Inna ya gitta a sama ya ɗaure da igiyar guga. Mu yara muka zagaye shi muna kallo, mun ɗauka lilo zai yi mana. Da ya gama ya ja baya, ya kakkaɓe hannu, ya ce wannan ita ce ƙofar bincike ta filin jirgin Sakkwato, kuma yau kowa sai ya koyi yadda ake wuce ta.

Kawu malamin firamare ne, shi ke fitar da yara wasan guje-guje, kuma bai yarda akwai abin da ba a koyar da shi da layi da usur ba. Ya sauke farali shekarar da ta gabata, saboda haka duk dangi shi ake tambaya zancen jirgi, shi kuwa ko ba a tambaye shi ba zai faɗa. A wannan shekarar Baba da Inna ne za su tafi, kuma da ni za a je. Kawu ya ce ya ga yara a filin jirgi suna birgima a ƙasa suna ihu, suna riƙe layi, suna ba iyayensu kunya a gaban jama'a, shi kuma 'yar 'yar'uwarsa ba za ta yi haka ba. Niyyarsa ta alheri ce, har gobe ina yi masa wannan shaida. Ya ajiye wani tsohon kwali mai buɗaɗɗen baki biyu ya ce wannan ne akwatin da ke haɗiye jaka ya leƙa cikinta, ya karɓi wani faifai ya ce tire ne, a nan ake zuba makulli da zobe da duk wani ƙarfe. Ita kuwa ƙofar, in ji shi, tana jin ƙarfe a jikin mutum, in ta ji sai ta yi kuka.

Yaran gidanmu da na maƙwabta suka yi layi, duk da ni kaɗai ce mai tafiyar. "Kowa shi wuce shi ɗai, ba a riƙon hannu," in ji Kawu. Wani ya ɓoye cokali a wando don neman magana, Kawu ya busa usur, aka kwashe da dariya, aka fitar da cokalin aka aza a faifai, ya sake wucewa lafiya. Wata mai 'yan kunne ta cire nata. Ni ina can ƙarshe ina murna, don na san ba ni da cokali ba ni da makulli. Na ɗaga kai na shiga tsakanin azarun nan ina taku irin na manyan mata, sai usur ya tsaga mini kunne. Na tsaya na duba hannuna, babu komai. Kawu ya nuna ƙafata ta hagu da baki, yana dariya. "Wanga ƙarhe hwa, Ayashe? Na'ura ba ta barin shi. Ko a hidda shi a aza bisa tire, ko a bar ki Sakkwato." Yara suka sake fashewa da dariya. Da na waiwaya sai na ga faifan Inna a kife, shinkafa ta watse cikin caɓi, kaji sun yi caa a kai, ita kuma ba ta ko kore su ba.

Ni 'yar wabi ce. Kafin a haife ni Inna ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Da na zo, Kaka, mahaifiyar Inna, ta taso daga Argungu da wani maƙeri, aka sa mini zoben baƙin ƙarfe a idon sawu, aka matse bakinsa yadda ba ya fita. Sunana na yanka Hauwa'u, amma a gida Ayashe ake kirana, wato wadda ba a damu da ita ba, don kada abin da ya ɗauke na gabana ya ga ana ji da ni ya dawo. In ƙarfen ya fara matse ni sai a kai ni maƙera a Argungu, kuma akwai ƙa'ida: sai an sa sabo an rufe bakinsa tukuna a buɗe tsohon, don kada ƙafar ta zauna babu ƙarfe ko da na ƙiftawar ido. Ina tuna zafin zuga-zugi a fuskata, da yadda maƙerin ke cusa tsumma tsakanin fatata da awartaki. Kullum in an gama Kaka takan shafa wurin da man kaɗanya ta ce, "Wanga ƙarhe shi ka riƙe da ke duniya. Kak ki bari kowa shi taɓa miki shi." Ban taɓa ɗaukar maganar a matsayin wasa ba.

Sai kuma halin Inna. Tunda aka ce kada a nuna ana ji da ni, Inna ta riƙe abin da gaske. Ba ta taɓa cewa na yi kyau ranar Sallah ba, ko da ita ta yi mini kitson. In baƙi suka ce yarinya ta girma, sai ta taɓe baki ta ce, "Wagga? Baƙuwa ta, ba mu san ranar tahiyatta ba." In na faɗi na ƙuje gwiwa, sai ta kira wata a gidan ta wanke mini, ita tana daga nesa tana haɗa wuta. Ban taɓa jin ta ce 'yata ba, sai dai yarinyar nan. Gaskiya kam naman da ya fi laushi a miya a kwanona yake ƙarewa, kuma in zazzaɓi ya kama ni nakan farka in ga ta zauna a gefen tabarma, amma yaro ba ya haɗa irin wannan lissafi. Abin da kunnena ya ji shi na riƙe. Na girma ina ganin Inna haƙuri kawai take yi da ni.

Daga baya na san cewa tafiyar ma saboda ni ce. Ina jaririya Inna ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta, in na kai bakwai za ta kai ni in ga Ɗakin Allah da idona. Baba manomin shinkafa ne a fadamar Rima, da rani kuma yana noman albasa, shekarun nan Allah ya sa wa gona albarka, sai ya ce to a cika alkawari. A lokacin babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini wannan. Abin da na sani kawai shi ne maganar Kawu, kuma ta raba mini hanya biyu, kowacce ba daɗi. In an cire ƙarfen an aza a tire, zan faɗi in mutu a wurin, kafin ma tiren ya fito ta ɗaya bakin akwatin. In kuma ba a cire ba, za a bar ni a Sakkwato, garin da ban taɓa zuwa ba, cikin mutanen da ban sani ba. Ko kaɗan ban yi shakkar cewa Inna za ta gyara mayafinta ta hau jirgi ba. Ai ta sha faɗa a gaban kowa cewa ni baƙuwa ce.

Kawu bai cire ƙofarsa ba, ya ce a bar ta a riƙa maimaitawa. Ta zame wa sauran yara abin wasa, suna bi ta ciki da muciya da murfin tukunya suna busa da baki. Ni kuwa ko randa aka aike ni sai in zagaya ta bayan turmi. In tsakar gida ta yi shiru da rana, manya sun kishingiɗa, nakan lallaɓa in gwada dabaruna. Na naɗe ƙarfen da tsumma har ƙafata ta zama kamar ganga, ina cewa in ba ta gani ba ai ba za ta ji ba. Na shafe shi da laka na bar shi ya bushe. Na gwada wucewa da ƙafa ɗaya irin ta 'yar gala-gala, na ɗaga ta hagun can baya, wai ko in ba ta taka ƙasa ba za a ƙyale ni. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi Kawu, kamar da wasa, ko na'urar tana jin abin da aka rufe da tsumma. Ya ji daɗin tambayar ƙwarai. "Ko allura kinka haɗiye tana sani," in ji shi, ya shafa kaina ya ce ina da ƙwaƙwalwa. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Komai ya daina yi mini daɗi. Da, babu abin da nake so kamar kai wa Baba abinci gona, in bi gangaren fadama da ƙwaryar fura a kai, in ratsa ta kunyoyin shinkafa ruwa yana kai mini ƙauri, kwaɗi suna tsalle gabana, balbelu suna bin shanu a tudu. Yanzu in na tsoma ƙafa a ruwan sai in tsaya ina kallon ƙarfen yana baƙi a ƙarƙashi, ina tunanin ko a wane gefe zan faɗi. A makaranta labari ya riga ya bazu cewa Hauwa'u za ta hau jirgi. 'Yan ajinmu suna kirana Hajiya, suna ba ni saƙon dabino da zobe, wata har ta ba ni rabin ƙuli-ƙulinta don kada in manta da ita. Ina karɓa ina murmushin dole. In an tashi tara aka shiga gaɗa a gindin darbejiya, sai in ce kaina ke ciwo, in zauna a dakalin aji in rufe ƙafafuna da siket. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina babu wanda zai iya yin komai a kai.

Wata rana da azahar ina bayan rumbu ina ba awaki dusa, na ji Baba yana yi wa Inna magana a ƙofar ɗaki. Baba mutum ne mai karatu daidai gwargwado, tun can bai yarda da ƙarfen ba, yakan ce camfi ne, amma bai taɓa matsawa ba, don shi ma da hannunsa ya kai ukun nan makwanci. Ranar dai muryarsa a tausashe take. "Ɗakin Allah za mu. Rai ga Allah shike, ba ga maƙeri ba. In mun tahi Argungu ban kwana, a kai ta a yanke shi, kowa shi huta." Sai na ji Inna ta ce, "Na sani, Malam." Akuya ta ture kwanon dusar, ƙarar ta sa na ruga, ban ji ƙarshen maganar ba. Abin da na tafi da shi shi ne Inna ta ce ta sani, wato ta yarda ke nan.

Saboda haka ranar da muka shiga mota zuwa Argungu yi wa Kaka ban kwana, ni a wurina maƙera za a kai ni. Da, hanyar nan biki ce a gare ni, ina leƙe ta taga ina gaida kowane jaki. Ranar kuwa na dunƙule a cinyar wata mata da ban sani ba, hannuna a kan ƙarfen, ina karanta duk abin da na haddace a makarantar allo, har da wanda ban gama haddacewa ba. Gidan su Kaka gidan masunta ne, kusa da gulbi. Tun daga zaure ƙamshin banda ke tarar mutum, ga homa da taru a shanye a kan danga, ga manyan goruna a jingine. Aka shiga gaishe-gaishe da addu'o'i, mata suna ta shigowa da saƙonnin da za a kai musu Arfa. Daga can cikin unguwa nake jin bugun guduma a maƙera, kowane bugu kamar a ƙirjina. Da na ga hankalin kowa ya tafi kan Inna, sai na zame ta ƙofar baya na gangara bakin ruwa.

Gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyayi da rassan itace. A kan tudu akwai wani tsohon jirgin ruwa da aka kife ana jiran a toshe shi. Na rarrafa na shige ƙarƙashinsa na kwanta cikin warin kifi da danshi. Ban san iya zaman da na yi ba. Na ji ana kiran sunana daga nesa, na ƙi motsi. Can sai na ga ƙafafu biyu masu kaushi sun tsaya a bakin jirgin, na gane su, na Kaka ne. Ba ta leƙo ba, zama ta yi a kan jirgin har ya yi ƙara. "Ƙawata, ki gama hirarki da kunamun nan ki hito, ni tsohuwa ba ni iya duƙawa," in ji ta. Jin kunama ya sa na fito ba shiri. Da ta ga fuskata sai ta bar wasan. Ta jawo ni jikinta, ni kuma abin da na daɗe ina haɗiyewa ya ɓalle, na gaya mata komai, ƙofar Kawu da tire da tsumma da laka da maganar Baba. Ta ce babu mai kai ni maƙera, uwata ta ce ba ta iyawa, ubana kuma ya bar zancen. Amma wannan bai raba ni da ƙofar ba, na ce mata, to ai ke nan a Sakkwato za a bar ni.

Kaka ba ta taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba, amma ta ce tunda Bello ya yi makarantarsa, ita ma za ta yi tata. Ta kai ni ƙofar ɗakinta, ta ɗage asabari, ta ɗauki tasa da ludayi ta zauna a kan kujera 'yar tsugune. Ta ce in wuce. Ina sa ƙafa ta buga tasar, na zabura zan gudu, ta cafke zanena. "A'a. In ta yi kuka kak ki gudu. Mai gudu shi aka bi. Tsaya. Ɗaga zanenki da kanki ki gwada musu, ki ce, ƙarhen wabi na, tun ina jinjira anka sa min." Muka yi ta yi, tana bugawa ina tsayawa, har jikina ya daina zabura, har muryata ta fara fita. Da muka gaji na tambaye ta, in suka ce dole a fidda fa? Ta ce sai in dubi uwata. Na ce ai Inna ba ruwanta da ni. Kaka ta ajiye ludayin a hankali ta zuba mini ido. "Haka kinka gani?" ta ce. Na gyaɗa kai. Sai ta tashi ta ɗebo mini kifi a kwano, ta zauna tana cire mini ƙaya.

Ranar tafiya Kawu da kansa ya raka mu Sakkwato, yana ta maimaita mini darasi a mota. Mun yi 'yan kwanaki a sansanin alhazai, cikin taron da ban taɓa ganin irinsa ba, kowa na zaune a kan jakarsa yana jiran a kira. Ni kaɗai ce nake addu'ar kada a kira. Amma aka kira. A filin jirgi aka raba layi, maza daban mata daban, Baba ya ɓace mini cikin fararen riguna. Na riƙe gefen zanen Inna, abin da ban saba yi ba, ita ma ba ta ture ni ba. Daga nesa na hango ƙofar binciken. Ba ta kai ƙofar Kawu tsayi ba ma, wata 'yar ƙofa ce mai launin toka a tsaye ita kaɗai babu bango, kusa da ita ga akwatin yana haɗiye jakunkuna. Duk abin da Kawu ya faɗa haka yake, har tiren. Kowane lokaci ta yi kuka sai in ji fitsari ya matse ni. Wata ma'aikaciya mai kayan sarki, doguwa, ba ta dariya, ita ke yafito mata ɗaya bayan ɗaya. Inna ta cire 'yan kunnenta ta zuba a tire, ta zare zanenta daga hannuna, ta wuce. Ƙofar ba ta ce komai ba. Ta ɗauki jakarta a can gefe, matar kuma ta yafito ni.

Na shiga. Kukan bai yi kama da usur ba, bai yi kama da tasa ba, siriri ne mai shiga ƙashi. Ƙafafuna suka ce in gudu, amma na tsaya, wannan kam Kaka ta ci nasara. Na kama zanena na ɗaga, ƙarfen ya bayyana. Na buɗe baki in faɗi maganata, sai babu murya, ko kaɗan. Leɓuna suna motsi, iska kawai ke fita. Matar ta nufo ni da wani abu baƙi a hannu, ni kuma na tabbata awartaki ne. Sai na tuna abu na ƙarshe da Kaka ta ce, na ɗaga ido na dubi Inna, ina jiran in ga bayanta. Jakarta na gani a ƙasa. Inna, wadda ko a tsakar gida ba ta ɗaga murya, ta ture hannun wani ma'aikaci da ya tare ta, ta komo ta cikin ƙofar nan da ba a komowa, ta durƙusa ta rungume ni har haƙarƙarina ya yi zafi. "Ɗiyata ta," ta ce. "Ba a taɓa mata shi. In ba ta wucewa, ni ma ba ni zuwa."

Layi ya tsaya cik. Ma'aikaciyar ta yi wa abokin aikinta alama da hannu ya dakata. Ta tsuguna a gabanmu, ta bi jikina da abin hannunta, bai yi ƙara ba sai a ƙafar. Ta sa yatsa ta juya ƙarfen, ta ga bakinsa a matse, ta ga farin zoben da ya bari a fatata. Ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta dubi Inna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Nawa sunka riga ta?" Inna ta ce, "Uku." Ban taɓa jin ta ambace su ba sai ranar. Matar ta sauke mini zanena da hannunta, ta gyara shi, ta ce, "Allah shi raya miki wagga. Ku wuce." Muka wuce tare, hannuna cikin na Inna, ƙofar ta sake kukanta, babu wanda ya kula. Har muka hau matakalar jirgi ba ta sake ni ba, ni kuwa ban ma ji tsoron tashin jirgin ba, ina can ina juya kalmar da ta faɗa a raina.

Bayan mun dawo da 'yan watanni, ba tare da kowa ya ce mata komai ba, Inna ta shirya ni ta kai ni Argungu. Maƙerin ya ɗauko sabon ƙarfe kamar yadda ya saba, ta ce ya mayar, buɗewa kawai zai yi. Ta riƙe kaina a ƙirjinta, ina jin bugun zuciyarta a kunnena, har ƙarfen ya faɗi ƙasa. Na jira mutuwa, ba ta zo ba. Na yi kwanaki ina tafiya a karkace don ƙafar ta yi mini sakayau. Ban tambayi inda aka kai ƙarfen ba, kuma Inna ta koma halinta na da, ba yabo ba shafa kai, sai dai ni na daina yarda cewa ba ta damu da ni ba.

Yau Birnin Kebbi tana da filin jirginta. Inda muke zuwa ciyawar awaki ya zama unguwannin Gesse da Badariya, gidaje sun cinye gonakin. Yaran yanzu ba a sa musu ƙarfe, allurar rigakafi ake yi musu, iyayensu kuma suna kiransu da sunaye masu daɗi a gaban kowa ba tare da fargaba ba. In jikokina za su yi tafiya nakan zaunar da su in gaya musu yadda abin yake, jaka za ta shiga ta fito, ƙofa tana iya yin kuka, ba ta cizo, in ta yi a tsaya. Amma abin da nake fara faɗa musu, wanda Kawu ya manta, shi ne ko me ta yi babu mai tafiya ya bar su. Sukan dube ni kamar na faɗi abin da kowa ya sani.

Shekara biyu kafin Inna ta rasu na kai ta Umra. Ta tsufa, tana dogara sanda, ni kuma na haifi nawa har na aurar. A wurin bincike ta wuce, sai ƙofar ta yi kuka. Na ce mata ko makulli ne ta manta. Ta juya baya, ta kwance lalitarta daga ƙugu, ta zazzage, sai ga ɗan baƙin ƙarfen nan mai buɗaɗɗen baki, ya yi sumul saboda shafa. Ma'aikacin ya miƙo tire. Ta aza shi a ciki da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta kama nawa ta damƙe. Tiren ya shige cikin akwatin. Ina tsaye kusa da ita, mace mai furfura, lafiyata ƙalau, amma Inna ba ta saki numfashi ba sai da ya fito ta ɗaya gefen. Ni na ajiye tsorona a Sakkwato tun ina 'yar bakwai, ita nata da shi ta tsufa.